Muryar Ɗan Larai

Lasifika biyu, kowace faɗin faranti. Akwatin ƙara sauti ɗaya. Makirufo biyu, ƙanana kamar gyaɗa. Waya a nannaɗe. Batir. Filaya, sukudireba, salatif. Fanka mai aiki da sola, sabuwa a kwalinta. Kayan sawa kala uku. Turare na Gwaggo Larai, takalmi na Inna.

Abin da ke cikin jakunkunana ke nan lokacin da mai adaidaita ya shigo da ni ta Ƙofar Mata, ya tsaya a bakin lungunmu a Yakasai.

"Hajiya, daga nan sai ƙafa," ya ce.

Na sani. A lungun aka haife ni. Na rataya jaka ɗaya, na ja ɗaya.

Shekara shida ina Danmak. Injiniyancin sauti na karanta, ina aiki a wani kamfani da ke haɗa lasifika don gidajen tarihi: ka tsaya gaban hoto ka ji bayaninsa, wanda ke kusa da kai bai ji komai ba. Ba hutu ne ya kawo ni gida ba. Maƙogwaron Yaya Mikail ne ya kawo ni.

Yaya Mikail shi ne ɗan farin Inna. Shi ke jan baki a tafsirin azumi a wani masallaci a Kabuga: ya karanta aya, malam ya fassara. Likitoci sun ga ƙari a maƙogwaronsa, bayan salla za su yi masa aiki. Sun ce in Allah ya so zai tashi, zai yi magana, amma muryar karatu kada ya sa rai. Wannan azumin ne na ƙarshe. Inna kuwa ba ta taɓa zama ta saurari karatunsa ba.

Ba gaba suke yi ba. Alkunya ce. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tambayar lafiyarsa, ba ta nuna ta san da shi. Ana yaye shi aka miƙa wa Gwaggo Larai, ƙanwar marigayi Babanmu, ta tafi da shi gidan aurenta a Kabuga. Da mijinta ya rasu ta dawo gida, shi ya zauna can. In ya zo gaisuwa daga bakin ƙofa yake durƙusawa, Inna ta amsa tana kallon bango. In ya zama dole ta ambace shi, sai ta ce "ɗan Larai". Labarin ciwon ma ba ita aka gaya wa ba. Gwaggo aka gaya wa, da ƙarfi, a tsakar gida, Inna tana gefe tana wanke-wanke.

Ana sa tafsirin kai tsaye a rediyo. Kullum bayan La'asar Gwaggo takan fito da rediyonta ta ƙure shi. Muryarsa na fitowa Inna za ta miƙe ta ɗauki taɓarya. Daka take yi har a shafa addu'a. Duk unguwar babu gidan da yajinsa ke laushi kamar namu a watan azumi.

Sau ɗaya na gwada magana, a waya.

"Inna, ɗanki ne fa."

"Kin ci abinci?"

"Inna, bayan salla shi ke nan."

Ta kashe wayar. Ban sake ba. Na yi tunanin saya mata abin saƙalawa a kunne, amma duk wanda ya gan ta da shi da la'asar ya san me take ji. Ta shiga ɗaki ta rufe ma haka ne. Kunnenta lafiya lau yake. Idon mutane ne matsalar, wannan kuwa aikina ne.

Da na shiga gidan Inna ta dube ni sama da ƙasa.

"Kin rame," ta ce. Ta karɓi jakar da ta fi nauyi.

Gwaggo ta fito tana ɗingishi da ciwon gwiwarta. "Baturiya ta sauka! Ina mijin? Shekara shida, ko gurgun Bature ba ki kamo mana ba?"

"Na kamo, Gwaggo. Ya ga hotonki ya ce ke yake so."

"'Yar banza. Matar Yaya, kin ji abin da kika haifa?"

Washegari na je Kabuga. Yaya Mikail ba ya yawan magana da rana, tattalin muryar yake yi don la'asar. Na ajiye masa makirufon biyu a kan wani ɗan katako, tazararsu daidai tazarar kunnuwan mutum. Na nuna masa yadda zai haɗa da wayarsa, ya ajiye a gabansa in an zauna. Na gaya masa dalili.

"Ki ƙyale ta, Sa'ida," ya ce da dusasshiyar murya. "Haka muka taso muka tarar."

"Ban ce ka yi mata komai ba. Danna nan kawai."

"Ba za ta saurara ba."

"To me ka rasa?"

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. "Can ba a koyar da ladabi ne?"

"Ana koyarwa. Ya ci karo da darasin lissafi."

Ya juya katakon a hannunsa. Bai ce ya yarda ba. Ya dai sa a aljihu.

Inna tana da wurin zama guda: ƙarƙashin rumfar ƙofar ɗakinta, a kan tabarma, bayanta jingine da bango. Nan take tsintar wake, nan take yanka alayyafo. Na hau tsani na ɗaura fankar a gefe. Lasifikan na ɗaura su a jikin azarar rumfar, tsakanin tsofaffin ƙwarya, ɗaya tana kallon inda kunnenta na dama zai kasance, ɗaya na hagu. Baffa, wanda gidan ke hannunsa, ya tsaya yana kallo.

"Fanka ce har da faranti biyu?"

"Na sola ne, Baffa."

"Oho," ya ce, ya wuce. Babu abin da kalmar sola ba ta rufewa a Kano.

Da hantsi na yi gwaji. Inna ta fita gaisuwar rasuwa, matan gidan suna ɗakunansu, Gwaggo tana kishingiɗe a ƙofarta can ɗaya gefen, kusa da randa, tana jan carbi. Na sa wani tsohon karatun Yaya daga wayata, na zauna a tabarmar Inna. Muryar ta sauko cikin kaina, tas. Na matsa gefe kaɗan, ta ɓace. Na dawo, ta dawo. Na miƙe don na ƙara ɗaure ta dama, na bar karatun yana tafiya.

Sai Gwaggo ta ƙwalla salati.

"Wayyo Allah! Mikailu! Mikailu a cikin randa!"

Na danne wayar. Nana Hauwa, matar ɗan Baffa, ta fito a guje da ɗankwali a hannu. Gwaggo ta ɗaga murfin randar tana leƙawa.

"Na ji shi, wallahi na ji shi. Wani abu ya same shi. Ku kira mini shi!"

Nana Hauwa ta kira. Ya ɗauka, lafiyarsa ƙalau, yana nazari.

"Azumi ne, Gwaggo," Nana Hauwa ta ce tana danne dariya. "Da me kika yi sahur?"

"Da ubanki na yi."

Ni na riga na ga abin da ya faru. Akwai wani daron silba jingine da bango, daidai inda bayan Inna ke zama. Da na miƙe, sautin ya doki daron ya yi tsalle ya ƙetare tsakar gida. Kuskurena ne. A can bangon da nake aiki da shi duk mai laushi ne, na manta a gidanmu komai ƙarfe ne da siminti.

Gwaggo ba ta da hauka. Ta dubi rumfar, ta dube ni. Ta ce in kawo mata turarenta ɗaki.

"Faɗa mini gaskiya," ta ce da na shiga.

Na gaya mata. "Rediyonki fitilar ƙwai ne, Gwaggo, ɗaki duka yake haskawa. Wannan tocila ce. Inda aka haska, nan kawai ake ji."

"Ni kika haska ke nan?"

"Wurin Inna na haska. Daron ne ya zama madubi."

"To?"

"To ina so ki kashe rediyonki. Muddin yana kunne tana bakin turmi. In babu muryarsa a tsakar gida ba ta da dalilin tashi. Kuma kada ki yi mata tsiya. In ta san kin sani, ba za ta sake zama a wurin ba."

Gwaggo ta ajiye kwalbar turaren.

"Ni na goya shi. Ni na yi jinyar ƙyandarsa. Ni na riƙe hannunsa na kai shi makarantar allo. Ita ta haifa ta juya baya, yanzu kuma a kashe mini ɗa a kwanakinsa na ƙarshe?"

"Ita ta juya, ko juya ta aka yi?"

Gwaggo ta kau da kai. Tana kallon ƙofa.

"Ranar da na ɗauke shi ma daka ta yi," ta ce. "Na leƙa. Babu komai a turmin."

Na jira.

"Fita mini daga ɗaki. Turaren naki ma ba shi da ƙamshi."

Na fita na gyara abin da zan iya gyarawa. Na ɗauke daron. Na shimfiɗa bargo a ƙarƙashin tabarmar, na rataya tsohon gwado a bango na ce don sanyin siminti. Na rage ƙarfin sautin, na sake saiti. Na zaga tsakar gidan kusurwa-kusurwa da karatun a kunne, ban ji komai ba sai kukan kaji.

Da la'asar Gwaggo ta fito da rediyonta. Ta ƙure shi fiye da kullum. Inna ta ɗauki taɓarya. Lasifikan suna can sama suna karanta wa tabarma.

Washegari ma haka. Wanshekare ma haka. Ban sake yi wa Gwaggo magana ba, ita ma ba ta kalli inda nake ba. Yaya ya aiko mini da saƙo: "Yaya dai?" Na amsa: "Ci gaba da dannawa." A rediyon ina jin muryarsa tana ƙara gajarta, yana tsayawa a inda da ba ya tsayawa.

Ranar rufe tafsiri tsakar gida ta cika da aikin salla. Ana soya cincin, ana kitso, ana rabon ɗinki. Tun da rana Gwaggo ta bi ɗaki-ɗaki ta kwashe duk wani tire da daro da farantin silba, ta ce za ta goge su da toka. Ta jibge a ɗakinta ba ta goge ko ɗaya ba. Dole Inna ta zuba waken gobe a ƙwarya.

Aka idar da La'asar. Gwaggo ta fito riƙe da rediyon ta hannunsa, ruwa yana zuba daga cikinsa.

"Ya faɗa randa," ta ce.

"Innalillahi! Yau fa ake rufewa," in ji Nana Hauwa. "Bari in kamo a wayata."

"Kul! A waya muryarsa kamar ta sauro take fita. Duk wadda ta kunna mini ɗa a waya sai wayar ta bi rediyon."

Ta jefar da shi a gindin randa, ta ɗingisa zuwa turmi, ta zuba citta da barkono, ta ɗauki taɓaryar Inna.

Inna ta zauna a tabarmarta da ƙwaryar wake a cinya. Ni ina bakin madafa ina yanka albasa, abin ji ɗaya a kunnena ƙarƙashin ɗankwali, wayata a kan gwiwa. Na ɗaga sautin a hankali.

Masallacin ne ya fara zuwa. Fankoki suna juyawa a sama. Wani dattijo ya yi tari ta hagu. Ta dama ana gyara zama, shadda tana goga shadda. Can baya wani yana cewa a matsa gaba. Haka na tsara shi: duk wanda ke kan tabarmar nan a sahun farko yake zaune.

Hannun Inna ya tsaya cikin waken. Ta juya hagu. Ta juya dama. Nana Hauwa tana nan kusa da ita tana murza cincin, tana ba mai kitso labarin telan da ya ɓata mata atamfa. Inna ta bi fuskokin matan ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ta ɗago. Ta ɗaga kai ta dubi rumfar. Sannan ta dube ni. Na ci gaba da yanka albasa.

Yaya Mikail ya yi gyaran murya, ya fara.

Inna ta dafa ƙasa za ta miƙe, idonta a kan turmi.

"Zauna, matar Yaya," Gwaggo ta ce ba tare da ta juyo ba. "Yau ni ce da turmi. Yajinki ya yi laushi da yawa, ba a jin sa a baki. Ki tsince mana waken nan, jiya sai da na tauna dutse."

Inna ta koma ta zauna. Can ta ja jikinta gefe, zuwa bakin tabarmar. Na san abin da ta tarar a wurin: tsakar gida, ƙarar mai a kasko, taɓarya. Ta fita daga layin. Babu wanda ya hana ta, kuma babu abin da zan ƙara yi. Na ajiye wuƙar.

Ta zauna haka, tana kallon waken. Ta tsinci tsakuwa ɗaya ta jefar. Ta tsinci wata.

Sai ta gyara zaninta kamar wadda tururuwa ta ciza, ta ja ƙwaryar, ta koma tsakiyar tabarmar. Ta jingina bayanta da gwadon.

Na ɗauki wuƙata. Albasar ta yi yaji sosai a ranar.

Ya karanta, malam ya fassara, ya karanta. Muryar ba ita ce ta da ba, ta yi kaushi a ƙasa, amma tana tafiya daidai, ba gaggawa. Inna ba ta sake motsi ba. Hannunta yana cikin waken har wuyan hannu. Gwaggo tana daka, tana tsayawa ta huce, tana zagin gwiwarta, tana jan kowa da faɗa. Ta ce kitson Nana Hauwa ya karkace. Ta ce cincin ɗin gishiri ya yi yawa, alhali tana azumi ba ta ɗanɗana ba. Duk idon gidan yana kanta.

Ana cikin surorin ƙarshe muryarsa ta yanke a tsakiyar aya. Na duba wayar, na ɗauka layi ne ya katse. Ba layi ba ne, fankokin masallacin suna nan suna juyawa. Tari ya biyo, mai tsawo. Na ji malam ya ce ƙasa-ƙasa, "A hankali, Alaramma." Wani daga dama ya ce ko ya karɓa masa.

Na dubi Inna. Leɓɓanta suna motsi. Daga inda ya tsaya ta ɗora, ba sauti, tana kallon ƙwarya. Ta kai ƙarshen ayar ta dawo farko, ta sake.

Ya ja numfashi. Ya koma farkon ayar, ya ɗauko ta, ya kai ta ƙarshe. Masallacin ya ɗauki kabbara ta kowane gefe. Bai sake tsayawa ba har sura ta ƙarshe.

Da malam ya rufe da addu'a, Inna ta zare hannuwanta daga waken ta shafa a fuska.

"Inna, addu'ar me ake yi ba a gaya mana ba?" in ji Nana Hauwa. Ta leƙa ƙwaryar. "Kai, waken ma ba a taɓa shi ba!"

"Ke limamiya ce da sai an nemi izininki?" Gwaggo ta ce tana haki, ta jingine taɓaryar. "Zo ki kwashe yajin nan, hannuna ya mutu. Wake kuma a ci shi da dutsensa, haƙoranku ƙuruciya gare su."

Wayata ta yi motsi. Yaya ne: "To?" Na rubuta: "Daga farko har ƙarshe." Ya karanta.

Inna ta miƙe, ta karkaɗe zani, ta shiga ɗaki.

"Sa'ida. Zo ki duba mini fitilar nan."

Na bi ta. Fitilar lafiyarta ƙalau. Tana tsaye a tsakiyar ɗakin, ta ba ni baya.

"Fanka kika ce."

"Fanka ce, Inna. Ba ta ba da iska ba?"

"Ta ba da." Ta gyara zanin gado da ba ya bukatar gyara. "Numfashin ya gajarta."

"Eh."

"Tarin nan, da jini?"

"Wani lokaci."

"Yaushe ne aikin?"

"Satin bayan salla."

"Wa zai kwana da shi?"

"Matarsa tana da goyo. Gwaggo ce ta ce za ta je."

"Larai? Da wace gwiwar? Yaji kaɗan ta daka tana neman faɗuwa."

"Ina jin ki, matar Yaya," in ji Gwaggo. Ta iso bakin ƙofa ta dafa dokin ƙofar, zufa tana zuba daga goshinta, bakinta cike da tsiyar da ta yi kwanaki tana tarawa. "Wai ni kam, me aka ji ne a rumfar nan da har wake ya gagara—"

Inna ta taka ta tura ƙofar a fuskarta, ta sa sakata. Muna jin Gwaggo tana dariya a waje. Daga masallacin lungu ladan ya fara gyara lasifika don kiran Magariba.

Inna ta juyo ta dube ni.

"Ki gaya wa yayanki ni zan yi jinyarsa."